Maƙabartar da Aljanu Suka Naɗe

Ku matso kusa, don wannan labari ba na masu gyangyaɗi ba ne. An sha jin an sace akuya, an sha jin an ci iyakar gona, amma ni dai sau ɗaya na taɓa jin an ɗauke maƙabarta sukutum, da kaburburanta da itatuwanta, an naɗe ta kamar tabarma an yi gaba da ita. A Tungar Arzika aka yi haka, kuma wadda ta bi sawu wata tsohuwa ce mai kaifin baki, ana ce mata Goggo Tasalla.

Kakanta Arzika ne ya sari wurin, tun yana baƙin daji, kuraye na yawo da rana tsaka. Ya zo da gatari da sungumi da matarsa, ya kafa bukka, ya haƙa rijiya, mutane suka yi ta taruwa a gefensa. Daga baya birni ya yi ta matsowa, yana cin gona yana tofar da gida, har ya haɗiye tungar ɗungurungum. Inda ake shuka gero aka jera gidaje iri ɗaya masu jan rufi da doguwar katanga. Aka raɗa wa unguwar wani sabon suna wanda Goggo Tasalla ta rantse ba zai taɓa fita daga bakinta ba. Zuriyar Arzika kuwa ta ƙare, mutuwa ta kwashe mazan ɗaya bayan ɗaya, saura ita kaɗai a wani ɗan ɗakin ƙasa da ya maƙale tsakanin katangu biyu.

Fili ɗaya ya rage a gabashin unguwar, faffaɗa, ba kowa sai tumfafiya da tarkacen leda. Ran nan Goggo ta ji ƙarar katafila daga can. Ta zari sandarta, ko mayafi ba ta tsaya gyarawa ba, ta je ta tsaya a gaban ƙarfen nan tana huci.

“Kashe abin nan, ɗan nan! Kakana yana kwance a nan, da ubana, da yayyena. Da wancan yaron.”

Wancan yaron ɗanta ne na fari, kuma daga shi Allah bai sake ba ta ba. Ƙyanda ta ɗauke shi tun bai isa yaye ba. Saboda alkunyar ɗan fari ba ta taɓa kiran sunansa ba, yana raye ko bayan ransa, ko kukan mutuwarsa ma a bayan rumbu ta yi shi.

Aka kira injiniyan kamfanin da zai yi gini a filin, wani matashi mai ladabi, Nazifi. Aka kira Mai-unguwa Shu'aibu, wanda iyayensa baƙi ne, sun zo bayan an daina binne kowa a maƙabartar gidan Arzika. Injiniya ya rusuna ya ce, “Iya, mu ma Musulmi ne, ba za mu tone mamaci da gangan ba. Amma mun auna filin nan ciki da bai, ba mu ga ko tudu ɗaya ba. Ki nuna mana kabarin, wallahi mu zagaye shi da bulo. In babu, ranar Asabar za mu fara haƙa.”

Mai-unguwa ya ce, “To Goggo, ga fili ga mai doki. Ta ina yake?”

Goggo Tasalla ta dubi filin. Kaico! Ta ina za ta sani? Mace ba ta raka gawa. Duk mutuwar da aka yi a gidansu, iyakarta bakin zaure. Ranar da aka fita da yaron a hannun kawunsa, ta leƙa ta kafar zana ta ga bayansu sun yi gabas, shi ke nan abin da ta gani. Abin da ta sani bai wuce abin da maza ke dawowa da shi ba, farar ƙasa a dugadugansu, ƙarangiya a bakin wando, wani lokaci da 'ya'yan aduwa a aljihu. Mazan da suka san hanya kuwa duk sun bi hanyar.

“Kin gani ko, Goggo?” in ji Mai-unguwa a hankali. “Ki haƙura. Addu'a tana isa ko'ina.”

“Shu'aibu, ina tsaye aka yanke maka cibiya, kada ka koya mini addu'a. Asabar kuka ce? Allah ya kai mu.”

Ta shiga nema. Ta tona nan, ta tona can da ƙarshen sanda, ko'ina jar ƙasa ce, babu fara ko ta shafa a goshi. Babu aduwa, babu kututturenta. Ta shiga cikin sababbin gidajen nan ko za ta gane tsohuwar hanya, layuka suka rikita ta, kowace ƙofa irin 'yar'uwarta, karnuka na haushi, masu gadi na cewa, “Iya, Allah ya ba da haƙuri,” don sun ɗauka bara take. Wannan ya fi komai ƙona mata rai, a ƙasar kakanta ana ba ta haƙuri!

Rana ta take tsaka, ba motsin kowa, ta iso wani shataletale. A tsakiyarsa akwai kututturen tsamiya wanda katafila ta kasa tumɓukewa, aka gaji aka shafa masa farin fenti aka bar shi. Ta gane shi, tsamiyar bakin rijiyar Arzika ce. Ta zauna a kai, ta buga masa sanda don haushi, ta ce, “Salamu alaikum, in da sauran mai kunya a garin nan.”

Sai ta ji daga ƙarƙashinta an ce, “Wa alaikumus salam. Amma ɗaga, kin zauna mini a kan ƙofa.”

Kututturen ya buɗe. Wani gajeren aljani ya leƙo, tsawonsa bai wuce turmi ba, gemunsa na jan ƙasa, idonsa tsage a tsaye irin na kyanwa. Goggo ta yi bisimilla, ko gezau ba ta yi ba.

Aljanin ya ce, “Ya ke 'yar Adam, ni ne mai tsaron Ƙofar Tsamiya. Tun da aka sare inuwata babu bil'adaman da ya yi mini sallama. Me kike nema a lokacin da ba naku ba?”

“Maƙabartar gidanmu nake nema.”

“Ba za ki same ta a bayan ƙasa ba. Ranar da masu awo suka fara kafa turaku, Sarkinmu Gurmusu ya sa aka naɗe ta aka kai fadarsa. Koma gida, tsohuwa. Tsakaninki da fadar akwai Dajin Sararru da Kogin Toka, mazaje ma ba su ƙetare ba.”

“Mazan ai su suka bar ni a wannan hali. Matsa in wuce.”

Ta tattare zane ta zura ƙafa. Ta yi ta gangarawa ta cikin saiwoyi, sai ga ta a wata ƙasa mai koren sama, babu rana amma ko'ina haske. Gabanta daji ne, ba farko ba ƙarshe. Duk itacen da aka taɓa sarewa a bayan ƙasa a nan yake zuwa ya tsaya, kowanne da raunin gatari a gindinsa yana tsiyayar ruwa. Ga kuka, ga ɗorawa, ga kaɗanya, ga gawo, suna nishi gaba ɗaya, har ƙasa na rawa. Da suka ji ƙamshin ɗan Adam sai suka haɗe rassa, hanya ta toshe.

Wani tsohon marke, wanda ya fi su duka kauri, ya sunkuyo da kansa. Muryarsa kamar ana jan turmi a kan dutse. “Na san wannan jinin. Ke jikar Arzika ce. Kina kuka da masu katafila, alhali kakanki ne ya fara. Ni ne itacen farko da ƙarfe ya taɓa a dajin nan, kuma hannunsa ne. Ki durƙusa ki tsine masa, mu ba ki hanya.”

Goggo ta dogara sanda ta ɗaga kai. “Allah ya kiyashe ni. Ya sare ka, ban musa ba, kuma na ga raunin, ban ji daɗinsa ba. Amma ina ya kai ka? Da kai ya yi azarar ɗakin da aka haifi ubana. Da rassanka ake jera wa mamatanmu a kabari, don kada ƙasa ta faɗa musu a fuska. Yanzu haka hannuwanka suna can sun rufe mutanena. In katafila ta shiga, da su da kai za ta watsar a juji. Ni ban zo tsine wa kowa ba, na zo in hana a sake sarar ka ne karo na biyu.”

Marken ya daɗe yana kaɗa ganye, can ya ce, “Akwai wani ƙaramin reshena da aka karya gajere-gajere. Na daɗe ina mamakin wa aka rufe da shi.”

Goggo ta ce, “Yara ake yi wa haka.”

Rassa suka ware, hanya ta buɗe. Ta wuce, itatuwa na zubo mata ganye a ka.

Ta yi ta tafiya har ƙafafunta suka fara tsagewa, sai ta iso Kogin Toka. Ashe ba ruwa ba ne, kwaɓaɓɓen siminti ne, duk wanda aka zuba a bayan ƙasa yana tsiyayowa nan, yana tafiya a hankali yana kumfa. A cikinsa ga aljanu nan tsaye sun sandare, wani ya nutse zuwa gwiwa, wani zuwa wuya, duk waɗanda suka gwada ƙetarewa ne. A bakin gaɓa kuma ga matan aljanu jingim, da ƙullin kayansu da 'ya'yansu, waɗanda aka rushe musu suri da kogunan itace. Sun yi zugum, ba gaba ba baya.

Babbarsu, wata doguwa mai gashi har gadon baya da kofato irin na jaki, ta ce, “Ya ke baƙuwa, nemi wuri ki zauna. Nan ne ƙarshen tafiyar kowa. Mazanmu masu fiffike sun tashi sun bar mu, marasa fiffike kuma ga su can sun zama gumaka.”

Goggo ta tsuguna ta lakato kogin da yatsa, ta murza, ta shinshina. Sai ta kwashe da dariya har da riƙe ciki. “Yo wannan ne ya zaunar da ku? Haba 'yan'uwa! Abin da ba a iya iyo a cikinsa ai daɓe shi ake yi. Ba ku taɓa daɓen ɗaki ba?”

Suka dubi juna. Ina aljana ta san daɓe, ita da ke kwana a kogon itace?

Nan take Goggo ta ɗaure ɗamara ta raba aiki. Waɗansu ta tura su kwaso tsakuwa, waɗansu su roƙo ɓawon ɗorawa a Dajin Sararru a jiƙa makuba, waɗansu su fafe guntayen itace su yi madaɓai. Aka watsa tsakuwa a bakin kogi, aka yayyafa makuba, ta jera su sahu guda a durƙushe. Ta ɗaga madaɓi ta ba da waƙa:

“Ƙasa kwanta, mu ne mata,
Mun daka gero, mun daka dawa,
Ke ce za ki gagare mu?”

Suka amsa, madaɓai suka sauka tare, tim! tim! tim! Kogin ya yi tsalle, ya yi gurnani, ya feso musu zafi a fuska, ya kama zanen wata ya ja. Goggo ta daka tsawa, “Kada wadda ta tsaya! Wadda ta tsaya ta daskare!” Suka ci gaba da duka suna matsawa da gwiwa, inda suka daka ya kwanta ya yi sumul. Hannun Goggo ya fashe, jini na bin madaɓi, ba ta fasa ba da waƙa ba sai da suka dangana da ɗaya gaɓar. Matan aljanu suka ɓarke da guɗa, irin wadda ba a taɓa ji ba a ƙasar nan, suka ɗauke ta caɗak suka nufi fada da ita.

Fadar Sarki Gurmusu a cikin wani suri take wanda ya kai tsauni girma. Sarkin na zaune a kan gadon dutse, kansa na gogar rufi, idanunsa biyu kamar bakin murhu. Fadawa suka yi ca, “Faɗi ki yi gaisuwa! Zuba ƙasa a ka!”

Goggo ta rusuna daidai yadda ake yi wa babba, ta ce, “Ranka ya daɗe, na gaishe ka. Ƙasa kuwa ba zan zuba ba, don ita na zo karɓa.”

Sarki ya ɗaga hannu, aka yi shiru. A bayansa, jingine da bango, ta hango wani ƙaton naɗi, saiwoyi na leƙowa ta gefensa, farar ƙasa na zuba daga bakinsa. Da ganin farar ƙasar nan sai ta gane maƙabartar gidansu ce.

Sarki ya ce, “Ya ke jikar Arzika, saurara ki ji asali. Shekarar da kakanki ya sauka, matarsa ta rasu, ya zo gindin tsamiya ya roƙi wurin da zai sa ta. Muka ba shi aron farar ƙasa, bisa sharaɗin muddin jininsa na zuwa yi wa mamatan sallama, wurin nasu ne. Suka yi ta zuwa, suka yi ta raguwa, har ƙafa ta ɗauke. Muka ga masu turaku sun doso, muka ɗauke ajiyarmu don kada a wulaƙanta ta. Laifi muka yi?”

“Ba ku yi laifi ba, kun yi abin da mutane suka kasa. Allah ya saka. Yanzu ga jinin ya zo, a ba ni.”

“Da maza aka ƙulla alkawarin. Kawo namiji.”

“Ranka ya daɗe, wa aka fara sawa a ƙasar nan? Ba kakata ba? Mazan da ke ciki, wa ya haife su? Mu za mu haifa, mu yi jinya, mu dafa ruwan wanka, a ɗauka a fita, a ce mu tsaya a zaure. Na tsaya, ban taɓa ƙetarewa ba. Yau babu namiji ko na rantsuwa. In jira wa? In haƙo ɗaya daga cikin naɗin nan ya zo ya karɓa?”

Wani bafade ya tuntsire da dariya, Sarki ya harare shi ya haɗiye ta.

“Bakinki da kaifi,” in ji Sarki. “To ga tayi. Zauna a nan. Za mu shimfiɗa miki ita a bayan fada, ki gan ta da idonki, babu katafilar da za ta iso ta har a tashi duniya.”

Wallahi tayin ya shige ta, don abin da ta shekara tana mafarki ke nan. Amma ta girgiza kai. “Mamaci ba kayan ajiya ba ne. Yana son mai wucewa ya yi masa sallama, yana son ya ji kiran salla, ruwan damina ya sauka a kansa. A garinsu za su kwanta, mutanen sababbin gidajen nan su san ba a kan banza suka zo suka zauna ba.”

“Ba a ba da ajiya sai mai ita ya ambaci abinsa. Wa kike nema a ciki?”

Ta lissafa, Arzika, da kakarta Yalwa, da ubanta Nomau, da yayyenta.

“Saura,” in ji Sarki.

“Da wancan yaron.”

“Fadata ba ta san wancan ba.”

“Ɗan fari ne, ranka ya daɗe. Ba a faɗa.”

“To ba a bayarwa.”

Goggo Tasalla ta tsaya. Ta daki kogi, ta yi wa daji gardama, amma wannan ya fi su nauyi. Sunan nan yana cikin bakinta tun tana yarinya, kullum sai ta juya shi a zuci kafin barci, bai taɓa taɓa leɓenta ba. Ta tuna dukan matan gidansu da za su riƙe baki su ce ba ta da kunya. Sai ta tuna duk suna cikin naɗin can, kuma Asabar na tafe.

“Badamasi,” ta ce. Muryar ta fito ƙasa-ƙasa. Ta sake ɗagawa har surin ya amsa, “Badamasi! Ɗana ne, ni na haife shi, ina son sa, kuma ban taɓa faɗa ba!”

Hawaye suka ɓalle mata a gaban fada, ba ta share ba. Matan aljanu na bakin ƙofa suka sunkuyar da kai.

Sarki ya yi ajiyar zuciya, iskar ta kaɗa rigunan fadawa. “Ajiya taki ce, in kin iya ɗauka. Ƙartin aljanu ne suka kawo ta nan suna nishi.”

Ta kama da hannu, ko motsi. Ta naɗa gammo ta sa kai, wuyanta ya yi ƙara. Fadawa suka fara murmushi. Sai Goggo ta ja da baya ta dubi naɗin nan, ta kwance mayafinta, ta juya masa baya ta duƙa.

“Ku ɗora mini. Ba a ka ba, a baya.”

Matan aljanu suka taru suka tura shi. Yana taɓa gadon bayanta ya tattare, ya dunƙule, ya kwanta tsakanin kafaɗunta. Ta ja mayafi ta ɗaure a ƙirji, doguwar aljana ta ba ta ɗamararta ta yi majanyi. Ta miƙe. Nauyin na nan, ƙasusuwanta na kuka, amma ta miƙe.

Sarki Gurmusu da kansa ya tashi tsaye. “Ya ke mai goyo, ji sharaɗi na ƙarshe. Inda kika sauke ta, nan za ta zauna har abada. A hanya za ki ji abin da zai sa ki so saukewa. In kin isa wurinta, ita za ta gaya miki.”

Ta kama hanya a duƙe. Tana hawa daɓen kogi sai ta ji motsi a bayanta, sai kuka. Kukan jariri, siriri, mai shessheƙa a ƙarshe, wanda ko cikin dubu ba za ta ɓata shi ba. Wayyo Allah! Hannunta ya kai kan ƙullin majanyi da kansa. Sau ɗaya kawai, ta juyo shi ta ga fuskar. Yatsunta har sun fara kwancewa, sai ta cije leɓe ta mayar da ƙullin, ta ƙara tamkewa. Ta kai hannu baya tana bubbugawa, tana jijjigawa, tana cewa, “Yi shiru, yi shiru, mun kusa gida.” Haka ta ratsa Dajin Sararru, kuka na tsaga mata zuciya, itatuwa na kaucewa. Haka ta hau saiwoyi da rarrafe, mai tsaron ƙofa na turo ta daga baya.

Ta fito shataletale ta tarar da hantsi. Ashe a bayan ƙasa har Asabar ta yi. Daga gabas tana jin katafila na ruri.

Mutane suka ga tsohuwa ta doso fili a tanƙware, ƙafa duk jini, da goyo a baya. Injiniya Nazifi ya taro ta, “Iya, ina kika shiga? An yi ta nemanki!” Ba ta kula shi ba. Ta wuce turakun awo, ta wuce tulin yashi, ta bi ta gaban katafila har direba ya taka birki yana salati. Can wajen tsakiyar fili kukan ya tsaya cak, majanyi ya kwance da kansa, gwiwoyinta suka kai ƙasa.

Ƙasa ta yi girgiza. Naɗin ya sauka ya fara warwarewa, yana tafiya yana ture turaku da igiyoyi, farar ƙasa na shimfiɗuwa a kan ja. Itatuwan aduwa suka miƙe da ƙayoyinsu, kurciyoyi a kai. Ga tuddan kaburbura sahu-sahu, da fasassun tukwane a kansu, ƙarangiya ta lulluɓe su. Leburori suka zubar da shebur, wasu suka ruga, wasu suka durƙusa suna kabbara.

Goggo ta dafa sanda ta tashi, ta nufi ciki. Mai-unguwa ya ce, “Goggo, mata fa ba sa...”

Ta waiwayo ta dube shi. “Shu'aibu, a bayana na goyo ta.”

Ya matsa gefe.

Ta shiga da sallama. Ta wuce manyan kaburbura tana duba ƙanana, don ta san nasa ɗan guntu ne. Ta iso gindin wata aduwa ta tsaya turus. Ba ɗaya ba ne. Ƙananan tuddai ne birjik, jere da juna, kowanne bai wuce tsawon hannu ba, babu suna, babu alama, duk iri ɗaya. Na shekarar ƙyanda, na shekarar yunwa, na matan gidansu da na maƙwabta, duk waɗanda suka tsaya a bakin zaure irin tsayuwarta. Ta duba wannan, ta duba wancan, ta kasa kunne ko za ta sake jin kukan. Shiru. Baƙin ciki ya turnuƙe ta, ta sha duk wannan wuya ta iso, kuma ba za ta taɓa sanin wanne ne nasa ba.

Injiniya ya matso, ya tuɓe takalmi, hularsa a hannu. “Iya, na yi alkawari, zan cika. Kamfani zai so a rage abin da za a rage, amma na ɗanki ba mai taɓa shi. Wanne ne?”

Goggo Tasalla ta share fuska da bayan hannu, ta dube shi, ta dubi ƙarfen da ke ruri a bayansa.

“Duk wanda bakin katafilarka ya taɓa, shi ne nawa. Ka auna bulonka daga aduwar farko zuwa ta ƙarshe.”

Injiniya ya daɗe yana kallon ƙananan tuddan nan. Sannan ya juya ya ɗaga wa direba hannu, ƙarar ta mutu.

Ita kuwa ta zauna dirshan a farar ƙasa, ta fara cire ƙarangiya daga kan na farko da fasassun hannuwanta. Da ta gama ta shafa shi, ta ce, “Badamasi, in kai ne, ga ni na zo. In ba kai ba ne, uwarka ce ta aiko ni.” Ta ja jiki zuwa na gaba.